Kan Ƙafa-Ukun da Na Zaɓa wa Kawu Ilu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Mutanen garinmu da farauta suka san shi. Ni kuwa duk sanda wannan wata ya kama, wani shago ne a nan unguwar Deira ta Dubai yake faɗo mini a rai.

Sau ɗaya Kawu ya taɓa zuwa Dubai. Ni na kawo shi ganin likita, saboda hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya ce tsufa ne, ya rubuta magani. Da muka fito, ko takardar Kawu bai kalla ba. Ya ce shi abin da yake so, kan ƙarfen nan mai ƙafa uku, wanda ake ɗora wa madubin hangen nesa ko a kwantar da bindiga a kai, ta tsaya cik ko da hannu na rawa. Ƙafafun yana da su, wani malamin daji ya bar masa. Kan da ke juyawa a sama ne babu.

Muka shiga shagon kayan farauta bayan la'asar. Mai shagon ya jera mana kawuna a kan tebur. Kawu ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, yana aunawa a tafin hannu, yana murɗa maɗaurin da hannun nan mai rawa don ya ji ko zai iya shi kaɗai. Ya daɗe a kan wani ƙarami, bai fi goruba ba, mai ƙwallo a ciki da bakin da ke kama bindiga. Ya matse shi, ya danna da ƙarfi, bai sunkuya ba.

"Wannan ya yi, Sani," ya ce.

Lokacin kasuwa ta fara buɗe mini, ina jin kaina. Na hango mutanen gida suna cewa, duk Dubai ɗan wannan abin ya iya saya wa wanda ya raine shi? Idona ya tafi kan wani babba baƙi mai dogon mariƙi, irin na masu ɗaukar hoto.

"Kawu, wannan ya fi ƙarko. Dubi girmansa."

"Na gani, ɗan nan. Amma ni zan saɓa shi a kafaɗa daga hantsi har yamma, ga bindiga, ga gorar ruwa."

Na yi dariya. Na juya na ce wa mai shago da Larabcin kasuwa ya naɗe babban, khalas, wato shi ke nan. Kawu ba ya jin Larabci, amma ya ga wanda aka sa a kwali. Ya ajiye ƙaramin a hankali, ya ce Allah ya yi albarka. Har muka hau jirgin ruwa muka tsallaka zuwa gida, yana ta kallon tsuntsayen da ke bin mu.

Sau biyu ya shiga daji da shi. Matarsa, Inna Hajara, ita ta gaya mini a waya cewa a na biyun ya dawo kafaɗa a kumbure, ya kwana uku ba ya iya ɗaga hannu. Daga nan bai sake fita ba. Na ce mata ta kwantar masa da hankali, zan sa ƙaramin a kaya na gaba. Kaya suka tafi, wasu suka bi bayansu, atamfa da turare da wayoyin mutane. Shagon bai fi tafiyar minti goma daga ofishinmu na aika kaya ba. Kullum sai in ce gobe. Shi kuma ko sau ɗaya bai tuna mini ba. In mun yi waya, lafiyar yara yake tambaya da zafin garin.

Yanzu in na wuce irin shagunan nan, nakan tsaya in duba. An yi waɗanda suka fi wancan ƙaramin rashin nauyi, an yi madubin da ke nuna dabba ko tana cikin duhuwa. Ina jin da Kawu na raye, zai gwada su, ya jinjina kai, sannan ya ce wanda bai iya karanta sawun gada ba, madubi ba zai koya masa ba. Abin da zai fi ci masa rai shi ne dajin kansa, wanda yau maharba ke tsoron shiga da rana tsaka. Damunarsa biyu ta ƙarshe da ake iya shiga lafiya, a ƙofar gida ya yi su, kuma ni na zaunar da shi.

Da na je gaisuwar rasuwarsa, na tarar da ƙarfen a zaure, an goge shi tas. Na ɗauka ajiye shi kawai aka yi. Sai liman ya ce mini ai duk ƙarshen Sha'aban Kawu kan sa a fito masa da shi bayan gari da magariba, ya ɗora madubi, mutane su yi layi suna neman jinjirin wata. Nauyin nan da ya hana shi daji, shi ya sa iska ba ta girgiza madubin. Duk wanda ya sa ido, sai Kawu ya ce masa, "Ɗana na Dubai ya zaɓo mini shi."

Har bana an fito da shi, in ji Inna. Abin da ya rage na Kawu ke nan a garinmu: mutum ne da za ka ɓata masa, ya nemo inda ɓarnar za ta yi wa jama'a amfani, ya kuma yabe ka a kai. Yabon na karɓa shekara da shekaru. Haƙurin da ya kamata in ba shi, ban taɓa buɗe baki na ba shi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe mini.