Ƙarar da ke Cikin Kabad ɗin Injiniya

Injiniya bai taɓa zama a ajin da ake koyar da injiniyanci ba. Sunan ya samo shi ne tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ranar da ya kwance agogon bangon mahaifinsa ya sake haɗawa, ƙusa uku suka yi saura a hannunsa, agogon kuma ya ci gaba da tafiya abinsa. Ƙusoshin nan har yau suna cikin gwangwanin madara a ɗakinsa, domin shi bai yarda akwai abin da ake kira shara ba. Akwai dai abin da ranarsa ba ta zo ba tukuna.

Da gyaran rediyo ya fara, daga baya ya koma gyaran injinan kwafar takardu a wani shagon ɗab'i da ke ƙasan bene, tsakanin mai yankan gilashi da mai sayar da fenti. Shekararsa talatin da ɗaya a wurin. Baiwarsa a kunne take. In inji ya fara ciwo, sai ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar likita. Kafin ya kwance ƙusa ɗaya ya riga ya faɗa maka abin da zai mutu da kuma watan da za a yi jana'iza.

Matarsa, Hajiya, tela ce, kuma ita ma tana da nata larurar: ba ta iya ganin abu tsirara. Talabijin yana da riga, fanka tana da riga, fulas ɗin shayi yana da riga mai geza. Amininsa, mai ɗaurin littattafai na shagonsu, yakan ce duk wanda ya daɗe zaune a falon nan bai motsa ba, zai tashi ya ga an gwada shi.

Abu ɗaya Hajiya ta mallaka wanda ba ta haɗa shi da komai ba: kaset goma sha ɗaya na muryar mahaifiyarta. Farkon aurensu sun zauna nesa da ita, tafiyar kwana biyu, Inna kuma ba ta rubutu. Sai ta zauna gaban rakoda ta yi ta zuba, ta ba wani direban babbar mota ya kawo. Wance ta haihu, gwiwa ta matsa, akuya ta ci wankin maƙwabta, ga yadda ake yi wa jariri in tari ya kama shi. Shekara tara da rasuwar Inna, Hajiya ba ta guga sai da muryar a gefenta. Amma zaren kaset ya tsufa, rakoda ta fara taunawa, kowane ji sai an rasa wata kalma.

Daidai lokacin ne ofishin da ke saman benen shagonsu ya rufe, aka fito da tsofaffin kwamfutoci za a zubar. Injiniya ya rungumo ɗaya, ya ɗora ta a cinya cikin tasi kamar mai dawowa da jariri daga asibiti. Ya zare faifan ajiya biyu daga 'yan'uwanta, ya ciro fanka daga wani mataccen injin kwafa, ya yi mako uku yana karatun yadda ake haɗa su. Abin da ya saya da kuɗinsa wayar haɗi ce guda ɗaya, ita ma yana jin haushinta har yau. Ya sa wa abin suna Rumbu. Duk wanda ke cikin gidan zai iya zuba hotuna da takardu a ciki daga wayarsa, ya kuma ɗiba in ya so.

“Faifai biyu ne, tagwaye,” ya yi wa amininsa bayani a shago. “Duk abin da aka rubuta a wannan, nan take a rubuta a wancan. In wa ya kwanta, ƙane na tsaye.”

Mai ɗaurin littattafai ya shafa gam a bayan wani ƙamus, bai ko ɗago ba. “Tagwayen da aka haifa rana ɗaya, suka yi wahala a ofishi ɗaya? Ai tsufansu ma ɗaya ne, Injiniya. Ka ji tsoron ranar da za ka yi zaman makoki biyu.”

“Kai dai ji da gam ɗinka. Wa ya aiki makaho kallon wata?”

Ya kwashe muryar Inna kaf cikin Rumbu, kuma bai yarda ya matse ta ba, don kada ko tari ɗaya ya ɓata. Shi ya sa fayilolin suka yi nauyin da wayar Hajiya ba za ta ɗauka ba. Daga Rumbu kawai take ji. Ita kuwa ranar da ta ji Inna tana dariya tas, ba tauna ba shaƙewa, sai ta ajiye dutsen guga ta juya masa baya na ɗan lokaci.

Saura wurin ajiye Rumbu. Ɗakin Injiniya ya cika da abubuwan da ranarsu ba ta zo ba, babu masaka tsinke sai kabad ɗin falo, inda kwalin kaset ɗin yake. Nan ne mutumin da bai taɓa jefar da ƙusa ba ya buɗe baki ya ce, “Zubar da su.”

Hajiya ta dube shi. “Kai ne ka faɗa, ko kunnena ne?”

“Ni ne. Me za ki yi da ɓawo bayan an kwashe ƙwaya?”

Sau uku tana tambaya, sau uku yana bugun ƙirji. Washegari motar shara ta wuce da kwalin.

Sai ƙananan abubuwa suka biyo baya, irin waɗanda ba a ɗauka da zafi. Rumbu yana da 'yar ƙararrawa da ke tsuwa in wani abu ya samu matsala, amma tana yi har in an ɗauke wuta ko an dawo da ita. Hajiya ta ce tana sa allurarta kaucewa. Ya sa filaya ya datse wayarta, ya jefa ƙararrawar cikin gwangwanin madara. Ita kuma, don ta nuna godiya, ta ɗinka wa Rumbu riga da ragowar labule mai kauri, da geza, da 'yar kafa ɗaya ta fitar waya. Ya ga rigar ta toshe bakin fanka. Ya ga kuma yadda take murmushi. Ya ce a ransa gobe zai sa almakashi a ɓoye. Goben nan ta yi shekara uku.

Wata Asabar da rana, yana zaune yana warware waya, Hajiya tana guga, Inna tana ba da labarin akuya, sai muryar ta sarƙe. “Ta ci… ta ci… ta ci…” Sannan ta wuce.

“Yau Inna in'ina take yi,” in ji Hajiya.

Injiniya bai yi dariya ba. A ƙarƙashin muryar ya ji wani abu daga cikin kabad. Ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas. Ƙarama ce, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Shekara talatin yana faɗa wa mutane ma'anar irin wannan ƙarar a injinansu, har da ɗan alfahari.

Ya jira ta fita shanya. Da ya buɗe kabad, zafi ya bugi fuskarsa kamar an buɗe murhu. Ya tuɓe wa Rumbu riga, ya ɗora sukundireba a kan faifai na farko. Babu komai, ko numfashi. Ya duba a tsohuwar kwamfutarsa ta cinya, ya ga jan rubutu yana jiransa: wan ya mutu wata biyar da suka wuce. Ashe Rumbu ya yi ta kiran taimako da ƙararrawar da ke cikin gwangwanin madara. Ƙanen shi kaɗai ke ɗauke da Inna, kuma shi ne mai ƙas-ƙas.

Ya san abu biyu. Faifai mai wannan ciwo, in ya tsaya, da wuya ya sake tashi, don haka ba a kashe shi. Ya kuma san unguwarsu: ko tsuntsu ya yi atishawa a kan waya sai wuta ta tafi. Ya leƙa taga. Gabas ta yi baƙi ƙirin.

Bai tsaya neman hula ba. Mai ɗaurin littattafai yana da faifan tafi-da-gidanka da 'yarsa ta ba shi, bai taɓa buɗe kwalin ba. Ya same shi a ƙofar gida yana kwashe kujeru saboda hadari.

“Lafiya, ka fito kai ba hula kamar wanda aka kora?”

“Ara mini faifan nan.”

Aminin ya dube shi sama da ƙasa. “Wanne ya rasu, wan ko ƙanen?”

“Wan. Ƙanen na gargara.”

Ya ga zolayar ta taso har bakin mutumin, ya ga kuma ya haɗiye ta. “Muryar Inna?” Injiniya ya gyaɗa kai. “To me kake tsaye yi? Ruga!”

Ya dawo iska ta fara kaɗa ƙofofi. A cikin Rumbu akwai littattafan gyaran injina da ya tara shekara talatin, da hotunan jikoki, da takardun gida. Bai kalli ko ɗaya ba. Ya zaɓi jakar da ya rubuta wa “Inna”, ya sa ta fara kwafuwa. Ya tuɓe wa fankar falo rigarta, ya saita ta a bakin kabad, ya zauna a ƙasa.

Kaset na ɗaya ya wuce. Na biyu. A na uku ƙas-ƙas ta yi yawa, layin da ke allo ya tsaya cik, shi ma numfashinsa ya tsaya tare da shi, sannan suka ci gaba.

Hajiya ta shigo da kwandon wanki. Ta ga fanka tsirara, ta ga rigar Rumbu a yashe, ta ga mijinta a ƙasa da sukundireba a kunne.

“Injiniya, wa ya tuɓe mini kaya?”

“Zafi suke ji.”

Ta ajiye kwandon a hankali. “Ka ce su biyu ne.”

“Ɗaya ya saura.”

“Shi ma ɗin?”

Ya dubi kabad. Ƙas, ƙas, ƙas, faifan ya ba ta amsa. Ta dubi inda kwalin kaset ya taɓa zama, kuma da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon. Ta zauna kusa da shi, ta ɗauki murfin kwali tana yi wa Rumbu fifita, ko da yake fanka na yi.

“Nawa aka kai?”

“Shida.”

Aka yi tsawa daga nesa. Ƙwan falo ya dushe, ya dawo. Bakwai. Takwas ya ci kusan rabin awa, yana tafiya kamar tsoho a kan tsani. Yayyafi ya fara taɓa kwano. Tara. Goma. Hajiya ta daina fifita, leɓenta kawai ke motsi.

Na sha ɗaya ya wuce rabi kaɗan aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. A cikin kabad wani abu ya yi ɗan kuka siriri ya lafa, sai ƙarar ruwa.

Wuta ta dawo gab da faɗuwar rana. Ya kunna Rumbu, ya ɗora sukundireba, ya daɗe yana saurare. Sannan ya sauke.

“Sa mini na ƙarshen,” in ji Hajiya.

Ya jona faifan aro a kwamfutar cinya. Inna ta yi gaisuwa, ta yi ƙorafin gwiwa, ta lissafa waɗanda suka haihu. Can sai muryarta ta sauya zuwa ta tsokana: “Shi kuma wannan miji naki mai tara tarkace, ki gaya masa…”

Shiru.

Injiniya ya sunkuyar da kai. “Minti ashirin ne suka tafi, Hajiya. Ni na kashe su.”

Ta gyara zama, ta ɗan shaƙe murya, ta karkata kai yadda Inna ke yi. “Ki gaya masa rediyona da ya karɓa gyara, shekara biyu ke nan. In ya cinye ne ya faɗa mini in yafe.” Ta share ido da gefen mayafi. “Daga nan sai addu'a. Na haddace. Amma dariyar da ta yi a tsakani, ita ce ban iya ba.”

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Rediyon yana nan a saman kantar kayansa, bayan gwangwanin madara, cikin riga mai geza. Ya sauko da shi ya ajiye a tebur, ya fara kwance ƙusa.

Ta gefen ido ya hango Hajiya ta ɗauko tef ɗin awo, ta nufi faifan aro, wanda yanzu shi kaɗai ke ɗauke da Inna a duniya. Ta tsaya a kansa. Sai ta naɗe tef ɗin, ta sunkuya, ta kara kunnenta a jikinsa.

“Zo ka ji,” ta ce. “Haka ya kamata ya riƙa yi?”