Farar Tsakuwar Mai Gilashi

Mijina mai yankan gilashi ne. Tagogi, madubi, saman tebur, duk wanda ya kawo awo zai yanka masa. Hannayensa duk tabon yanka ne, har in ya shafa kan yara sai su ce, "Baba, hannunka na karce mu." Mutum ne marar hayaniya. Ni ce mai bakin gidan, shi ya sa tun muna sabon aure ya laƙaba mini Masifatu, ni kuwa na amsa, don ban ga ƙarya a ciki ba.

Da ragowar gilashin shago ya haɗa wani akwatin ruwa na kiwon kifi a gida, ya manne da gam. Tsakuwar da ya shimfiɗa a ƙasa kuwa, a wurin wani gini da ya je sa tagogi ya tsinto ta, farare kawai yake zaɓa, wai a kan fari jan kifi ke fitowa. Na ce, "Malam, kifin da ba a soyawa, ciyar da shi ta mece ce?" Ya ce, "Na kallo ne." Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Abokin gabarsa ɗaya a duniya, gansakuka. Da ya ga tsakuwa ta fara kore sai ransa ya ɓaci. Karatun da ya yi ta yi mini har na haddace: rana ce ke kawo ta, da ragowar abinci. Don haka a lungun falo ya ajiye akwatin, bayan ƙofa, inda rana ba ta leƙawa. Abinci kuma ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ranar hutunsa sai ya kawo tiyo da bokiti, ya zuƙo ruwan da baki, ya bi tsakuwar yana motsa ta, dattin na fita. Na taɓa cewa ya kawo in wanke masa da sabulu a huta. Wallahi kallon da ya yi mini, ka ce yaran na ce zan sa wa guba.

Sai idonsa ya fara tafiya. Mutumin da bai taɓa kuskuren awo ba ya fara ɓata gilashin mutane. Ya shigo gida ya yi karo da kujera, ya ce ni na matsar da ita. Babbar 'yarmu ce ta ja shi asibiti da kuka. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani ko za a tsare sauran. Da muka iso gida ya ce, "Likitan nan ya cika surutu, ni ina gani sarai."

Ba a jima ba na dawo daga kasuwa na tarar ya rage ruwan akwatin, ya ja shi shi kaɗai har bakin taga, ya yaye labule. Na ajiye kaya na kama ƙugu.

"Malam, ba kai ka ce rana ce uwar gansakuka ba?"

"Lungun can ya yi duhu."

"Shekara nawa suna lungun, yau ne ya yi duhu?"

Da na ji abin da bakina ya faɗa sai na wuce kicin na yi kukana.

Gansakuka kuwa ba ta san tausayi ba. Rana ta samu, abinci ya yi yawa don ba ya ganin abin da yake zubawa, tsakuwa ta koma kore shar. Tiyo ya daina isa. Sai ya koma kwashe tsakuwar duka ya zuba a baho, ya zauna a tsakar gida yana murza ta. Da yatsa yake gane ta, in ya ji santsi ya san da saura. Ya ɗago hannu ya ce, "Masifatu, ta yi fari?" In ce ta yi, ko da ina ganin sauran kore. Kafin mako ya zagayo ta koma gidan jiya. Haushi ya ishe ni, tausayi ya ishe ni. Na ce a saki labule ko rabi ne, ya ce a'a. A wannan hasken ne kaɗai yake iya hango jan kifin nan yana gilmawa, kuma muddin yana hango shi, bai yarda ya makance ba. Shago ma tuni ya bar wa abokin aikinsa, wai hutu yake yi.

Kifayen ne suka sha wahala. Yau a kwashe su, gobe a sauya musu ruwa gaba ɗaya, ga zafin rana ta gilashi. Akwai wani babba ja da yake ji da shi, Acici yake ce masa, don shi ke fara zuwa abinci. Wata safiya na fito da shayi na tarar da shi a gaban akwatin, rana ta haske fuskarsa, yana ƙwanƙwasa gilashi da farce yana murmushi.

"Acici, yau kai ne da nawa? Taso mana."

Acici kuwa na saman ruwa, ciki a sama, tazararsu ba ta kai taƙi ɗaya ba. Na ajiye kofin na kama hannunsa na sa cikin ruwan, har yatsunsa suka taɓa shi. Sannan ya ce, "Tun yaushe?" Na ce ban sani ba, Malam. Ya ce, "A gabana yake?" Na ce e.

Ya zare hannunsa ya goge a riga. "Kira yaran nan su mayar da shi lungu. Hasken ba ya yi mini komai yanzu, su kuma kashe su yake yi."

Aka mayar. Na koyi zuƙar tiyo, har na sha ruwan kifi na yi ta tofar da yawu, ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ni ke auna abincin da yatsu biyu. A hankali tsakuwa ta dawo fara tas, irin yadda yake so, a lokacin da ba zai gan ta ba. Wannan abu yana ci mini rai har gobe.

Yanzu kullum da hantsi yana lalubawa ya zauna a lungun, kunnensa kusa da gilashi, yana sauraron ɗan injin da ke hura wa kifayen iska. Jiya na zo wucewa da tsintsiya ya riƙo bakin zanena.

"Ta yi fari?"

"Tas, Malam. Wannan karon ba ƙarya."

"Na sani, da can ma na sani." Ya matsa mini a kan benci. "Zauna ki kalla mini. Ƙaramin mai baƙar wutsiya, ina yake?"

Na jingine tsintsiyar na zauna. Na ce ga shi can ƙasa, yana tonon tsakuwa.