Ranar da Kwamandan Ya Hau Magajiya

Ko da na manta duk kiɗan da na yi a duniya, na ranar nan ba zai fita raina ba. Lokacin ina kaɗa wa ƴan bori garaya a ƙauyenmu na ƙasar Dungas, zamanin Faransa.

Kaka ta yi, gero ya nuna, sai ga gardawa biyu, ƴan sandan Faransa, daga Magarya, wai kwamandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, na son majiya ƙarfi su je aikin hanya. Har da ni a ciki. Wa zai yanke geron?

Sai Magajiya, tsohuwar da ke shugabantar ƴan borinmu, ta aiko a kira ni.

"Ɗana, ɗauko garayarka. Yau muna da baƙo."

"Wane baƙo, Inna, ana cikin wannan?"

"Kai dai kaɗa."

Da hantsi muka kafa wasa a ƙofar maigari, gardawan na zaune a inuwa. Ban daɗe da farawa ba Magajiya ta faɗi. Ta miƙe fuska shafe da toka, ta kifa ƙwarya a ka, ta maƙale kara a hammata, tana taku tana hura hanci. Iskan Kwamandan ya hau!

Ta nufi gardawan ta daka tsawa: "Gardabu!"

Wallahi babban cikinsu, tsohon soja ne, bai san sadda ya zabura ya ƙame ya sara mata ba. Mata suka ɗauki guɗa, maza na riƙe ciki. Ni kaina sai da kiɗan ya kuɓuce mini.

Ta zagaye su tana wani Faransanci da ko a Faransa ba a taɓa ji ba, sannan ta ce da Hausa, "Ni ne Kwamandan! Ba mai taɓa hanya sai gero ya shiga rumbu. Ale, ku tafi!"

Ko tsoron iska ne, ko kunya, ban sani ba. Gardawan suka hau dawakinsu suka tafi. Sai bayan girbi suka dawo, muka je muka yi aikin, amma iyalinmu ba su kwana da yunwa ba.

Daga baya na tambaye ta ko da gaske iskan ne. Ta ce, "Tambayi wanda ya sara masa."

Tun ranar na gane, wanda ba ka iya ɗaga wa hannu, in ka samu ka yi masa dariya a bainar jama'a, to rabin tsoronsa ya bar ka.