Famfon da ke Ƙarƙashin Motar Baba

Ƙusoshi na fara gani. Ranar da muka je Argungu sayen motar Baba, ranar da har yanzu ba ta bar raina ba, muna shiga filin da aka ajiye ta idona ya sauka a kan katakon da aka shimfiɗa a bayanta. Motar tsohuwar a-kori-kura ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma kawunan ƙusoshin katakon sai ƙyalli suke yi, ko tsatsa ba su fara ba.

Ina aji uku a sakandaren 'yan mata, kuma duk hutu ni ce akawun Baba. Baba direba ne. Shekara da shekaru yana tuƙa motocin mutane, yana ɗauko albasa da shinkafa daga Gulma da ƙauyukan fadama zuwa Birnin Kebbi. Ya yi karatun allo mai zurfi amma bai yi boko ba, don haka duk takardar da ta shigo hannunsa ni ke karanta masa. A wannan hutun ya sayar da shanun nomansa biyu, ya haɗa da abin da ya daɗe yana tarawa, don ya samu mota tasa ta kansa. Idan motar nan ta salwanta, babu shanu, babu mota.

Ga wanda bai san yadda ake cinikin tsohuwar mota ba, haka ake yi. Dillali ne ke haɗa mai saye da mai sayarwa. Mai saye ya duba inji. Mai karatu ya duba ko lambar da ke cikin takardu ta yi daidai da wadda aka buga a jikin inji da ƙarfen ƙasan mota. In an daidaita, a rubuta takardar shaidar ciniki, a karanta wa kowa ya ji, kowa ya dangwala yatsa. Daga baya a kai takardu Sakkwato a canza suna.

"Malam Garba, wagga ce akawun taka?" in ji dillalin, Ɗan Ige, wani dogo mai goro a kunci. "Ɗiya, Turancin mota kika iya ko na makaranta kaɗai?"

Mazan da ke wurin suka yi dariya. Na ja mayafina na rufe rabin fuska.

Mai motar, Alhaji Nomau, ya zaga da Baba yana nuna masa gyare-gyaren da ya yi mata. Ya ƙara sifirin a baya don ta jure kaya, ya ɗora ƙarafa a gefe da gefe don a jera buhuna har sama, ya yi mata koren fenti, ya sa ham mai murya biyu. Baba ya buɗe gaba, ya ɗora bakin sukuddireba a kan inji, ya kara kunnensa a ƙotar yana saurare. Da ya ɗago na ga yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Na san motar ta riga ta shiga ransa.

Lambar inji ta yi daidai. Na tsuguna bayan tayar baya don in karanta ta ƙarfen ƙasa, ita ma daidai. Ina shirin tashi na ga wani ɗan famfo, bai fi babban yatsana ba, an naɗe shi da yankin robar taya. A ƙasansa yashi ya ɗan yi duhu. Na shafa na shinshina, warin fetur. Tankin motar kuma a ɗaya gefen yake. Da na miƙe na auna zurfin bodin da hannu, daga waje sannan daga ciki. Ta ciki ya gaza da taƙi guda.

Kafin in gama tunani an fara ciniki. Baba ya taya, Alhaji ya ce albarka. Baba ya ƙara, Alhaji ya sake cewa albarka. Na matsa na ja hannun rigar Baba.

"Bari, Luba, ana magana."

Na sake ja. Bai ko waiwayo ba.

A wurinmu ba a ɓata ciniki. Wanda ya tsoma baki da aibin kaya ana tsakiyar tayi, kamar ya kira mai kayan maƙaryaci ne a gaban mutane. Babba ma sai ya yi shakka, balle yarinya a cikin maza takwas. Kuma ni ban san mene ne famfon ba. Ina ta jujjuya yadda zan fara, sai na ji Alhaji Nomau ya ce, "Na sallama." Aka tafa hannu, aka shafa fatiha.

Aka ba ni benci na zauna na rubuta takardar, da kabon a ƙasa don ta fita biyu. Na sa sunaye da lambobi, na jera gyare-gyaren da Alhaji ya faɗa. Sannan hannuna ya ƙara layi biyu: akwai famfo naɗe da roba a ƙarƙashin bodi, mai sayarwa bai faɗi aikinsa ba, daɓen bodi ya ɗaga da taƙi guda. Na ce a raina idan na karanta, ai sun ji, ba ni na ɓata ciniki ba, takarda ce.

Na miƙe na fara karantawa. Muryata dama ba ta da ƙarfi, ga injin niƙa yana ruri a bayan katanga. Da na iso layukan nan biyu sai muryata ta ɓace, leɓena kawai ke motsi.

"Ya isa, ya isa, mun ji," in ji Ɗan Ige. "Kawo tawada."

Su huɗu suka dangwala, har da shaida guda. Babu wanda ya ji abin da ya dangwala wa.

Bayan azahar muka kama hanyar Birnin Kebbi. Baba yana tuƙi yana shafa sitiyari, yana gaya mini wanda zai fara ɗauko wa albasa. Duk ƙauyen da muka wuce sai ya danna ham ɗin nan mai murya biyu. Sau uku na buɗe baki, sau uku na rufe. Ban taɓa ganinsa da irin wannan farin ciki ba.

Mun wuce rabin hanya muka tarar da shinge, an jera durom-durom an gitta katako. Jami'an da ke tare masu fitar da mai ta kan iyaka ne. Da yake fetur ya fi tsada a ƙetare, wasu kan ɓoye shi a jikin mota su tsallaka da shi, kuma motar da aka kama da maɓoyar mai ƙwace ta ake yi, mai ita ya tafi kotu. Babbansu a wurin sufeto ne, yana zaune ƙarƙashin bishiyar bedi. Mai duba motoci kofur ne, riƙe da 'yar sandar ƙarfe.

Kofur ya karɓi takardu, ya zaga motar yana ƙwanƙwasa ta. Da ya zo bodi ya buga katakon, ya tsaya, ya sake bugawa. Sai na ga ya sa hannu ya auna daga waje, ya auna daga ciki, daidai yadda na yi.

"Direba, sauko. Kashe mota, ba ni makulli."

Da ƙarfen taya suka ɓanɓare katako uku. Ƙarƙashinsu tanki ne shimfiɗaɗɗe, faɗinsa faɗin bodin, an yi masa walda tsaf. Baba ya dafa gefen motar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yallaɓai, wallahi yau nis saye ta. Ko gida ban kai ta ba."

"Kowa muka kama yau ya saya," in ji Sufeto, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Zauna can."

Baba ya zauna a kan gungumen da aka nuna masa, ya cire hula ya riƙe a hannu. "Luba, ba shi takardar ciniki."

Na miƙa wa Sufeto. Sufeto ya karanta a hankali. Na ga fuskarsa ta fara sassautawa da ya ga ranar ciniki da yatsun shaidu. Sannan ya iso ƙasa, ya tsaya, ya dubi Baba.

"Malam, wannan yatsanka ne?"

"Nawa ne, yallaɓai."

"To ga shi a rubuce akwai famfo a ƙasa, daɓe ya ɗaga da taƙi guda. Ka sani ke nan. Ka sani ka saya, har ka dangwala." Ya juya ga kofur. "Rubuta lambar motar. Shi kuma da shi za mu wuce Sakkwato."

Baba ya juyo ya dube ni. Ba fushi a idonsa, rashin fahimta ne kawai, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Takardar da na rubuta da hannuna ita ce za ta ɗaure shi.

Ban san lokacin da na isa gaban Sufeto ba.

"Yallaɓai, bai sani ba." Ni kaina na tsorata da ƙarfin muryata. "Ni na gani, ni na rubuta. Baba ba ya karatun boko. An ce in karanta, da na zo wurin ban ɗaga murya ba. Babu wanda ya ji."

"Me ya hana ki?"

"Ana ciniki, yallaɓai. Maza ne."

Ya miƙo mini takardar. "Karanta mini yadda kika karanta musu. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na karanta. Ba sai na yi ƙoƙarin kwaikwayo ba, ina isowa layukan muryar ta sake maƙalewa da kanta. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, amma sai da ya karkato kunne.

"Oga, sauro ma ya fi ta amo," in ji kofur.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya sa aka buɗe famfon. Ɗigo kaɗan ya fito, tankin babu komai. Ya aika kofur Argungu a kan babur ya zo da dillali da mai motar. Muka zauna jira, Baba a kan gungume, ni a tsaye kusa da shi. Motoci na wucewa, direbobin da suka san Baba suna rage gudu suna leƙe.

Bayan la'asar kofur ya dawo da Ɗan Ige shi kaɗai. Alhaji Nomau wai tafiya ta kama shi. Ɗan Ige ya zubar da goronsa tun daga nesa, ya rantse cewa da safen nan aka yi ciniki, kuma Malam Garba albasa kaɗai aka san shi da ita. Sufeto ya rubuta bayaninsa, ya riƙe kofi ɗaya na takardata.

"Malam, kai ka tafi gida. Mota tana hannunmu sai an cire tankin nan a gabanmu." Ya dube ni. "Ke kuma, idonki ya yi aiki. Amma akawun da ya gani ya yi shiru, gara wanda bai gani ba. Yau saura kaɗan ki kai mahaifinki gidan yari."

A bayan motar shinkafa muka koma gida. Baba bai gaya wa Inna abin da na yi ba, ya ce matsalar takardu ce.

Kwana huɗu motar ta yi a hannunsu. Mai walda ya yanke tankin, aka mayar da daɓen inda yake tun asali, sai ga shi bodin ya ƙara cin buhuna. Yanzu tana aiki, kullum tana hanyar Gulma. Da safe sai an tura ta, ƙofar hagu kuma da igiya ake ɗaure ta, amma Baba ba ya yarda kowa ya zauna a kujerarsa.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, masu harkar mota kowa abin da ya sani yake dubawa. Direba inji yake saurare, dillali fuskar mai saye yake karantawa, mai sayarwa kuma gyaran da yake so a gani shi yake nunawa. Gyaran da ba a ambata ba shi ne abin tambaya, kuma kafin a ce an sallama ake yin ta. Na san wannan yanzu. Amma na san kaina, ko gobe aka sake tara maza takwas ba lallai muryata ta fita ba.

Ranar da muka karɓo motar, muna shiga gari, na jira har Baba ya tsaya a ƙofar gida ya kashe inji.

"Baba."

"Na'am, akawu."

"Don Allah in za a sake ciniki, in na ja maka riga, kada ka ce in bari. Ka ce musu za ka sha ruwa, ka zo gefe ka tambaye ni abin da na gani."