Ajin Anti Ƙamus

Anti Ƙamus, wadda ɗalibai suka laƙaba wa sunan saboda yawan kalmominta, ba ta san zama ba. Ko abinci a tsaye take ci, har mijinta ya gaji da cewa, "Baiwar Allah, kujerar nan ba ta cizo." Tun tana budurwa take koyar da Turanci a ajin ƙarshe na sakandare, ga shi furfura ta cika mata kai, kuma ajin nan shi ne ranta.

A wurinta, kalma ba ta zama taka sai ka kare kanka da ita a musu. Takan rubuta manyan kalmomi a allo, masu karya haƙori, ta raba ajin biyu, ta jefa musu magana: wa ya fi shan wuya, ɗan fari ko auta? Gardama ta kaure, ita tana zirga-zirga tsakanin tebura.

"Kai Dogo, 'ba kyau' maganar yara ce. Zalunci ne, ko sakaci, ko rainin wayo? Nemo Turancinsa ka jefe su da shi!"

Sai aka kawo sabon shugaban makaranta, ofishinsa bango ɗaya da ajin. Ya kira ta.

"Malama, nan makaranta ce ko tasha? Su haddace a natse. Na ƙara jin hayaniya, zan karɓe ajin."

Ta gwada. Yara suna maimaita ma'anoni kamar masu zaman makoki, ita tana leƙen taga, tana goge allon da ba komai a kansa. Ga jarrabawa ta matso. Ta tambayi wata yarinya kalmar da suka haddace jiya, yarinyar ta kalli rufi.

Anti ta jefar da alli. "To, ku faɗa mini. Haddar nan amfani ce ko ɓata lokaci?"

Ajin ya ɗauka kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Dogo ya miƙe, bai ga wanda ya tsaya a ƙofa ba, yana zuba Turanci: dokar nan kama-karya ce, ba hangen nesa a cikinta. Shugaba ya saurara har ya dire.

"Turancinka ya yi, yaro," ya ce. Ya juya. "Malama, ranar Litinin ki koma aji ɗaya."

Ba ta roƙe shi ba. Ta tattara littattafanta. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Dogo, ka tauna kalmar ƙarshe. In an tashi ka same ni mu gyara ta."