Ramar Inna da Famfo Ɗaya

Shekarar da na gama karatu a Villeurbanne ban samu aiki ba, sai na riƙa raka Inna, ƙanwar mahaifiyata, lambun unguwa a Vaulx-en-Velin. Ɗan fili ne a bayan dogayen benaye, an yanka shi fegi-fegi. Akwai Larabawan Aljeriya, da 'yan Komoro, da wani tsoho ɗan Fotugal mai tumatir, da mu Hausawa gida kaɗan. Famfo ɗaya ne.

Inna rama take shukawa. Irin daga gonar mahaifiyarta yake, can wajen garin Tawa, kuma duk shekara sai ta bar wasu su yi 'ya'ya ta ajiye na baɗi. Kafin shukar wannan shekarar ɓera ya shiga ajiyarta, don haka ɗan abin da ya rage duka ta zuba a ƙasa.

Zafi ya tsananta, aka taƙaita ruwa, famfon ba ya kawowa sai ɗan lokaci da safe. Faɗa ya tashi. Wani ya tuna cewa na yi bincike kan yadda ake mulkin ƙananan ƙasashe masu jinsi da yawa da arziki kaɗan, sai aka ɗora mini rabon ruwa. Na so in ƙi, ban san yadda ake ƙi ba.

"Allah ya ja zamanin sarkin famfo!" in ji wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa. "Perzidan, shugaban ƙasa, a dai tuna da talakawa."

Abin da na koya na bi, ko kuma abin da nake zaton na koya: shugaba ba ya fifita nasa, kuma yana buɗe ƙofar kuka ga kowa. Na raba ruwan daidai, na ce duk Asabar mai buƙatar ƙari ya tashi ya faɗa. Larabawa suka faɗa, 'yan Komoro suka faɗa, tsohon nan har da buga sanda. Namu ba wanda ya tanka. Na ɗauka lafiya ce.

Fegin Inna yana jikin katanga, inda rana ke dukansa wuni guda. Ina ganin ganyen yana lanƙwashewa, amma ina tsoron a ce na ba uwata.

"Inna, ruwan yana isa kuwa?"

"Alhamdu lillahi, ɗana. Kai dai yi aikinka."

Sai da ramar ta fara zubar da ganye Alhaji ya ja ni gefe. Ashe namu sun yi shawara bayan sallar Juma'a cewa babu mai magana a taro.

"Yaronmu ne ke riƙe da famfo. Mu tashi gaban baƙi mu ce bai iya ba? Kara muka yi maka. Muna jira ka gani da idonka."

"Ni kuma ina jira ku faɗa, Alhaji."

Ya ce, "To, ramar ba ta jira kowa ba."

Asabar ta gaba ni na tashi na nema wa Inna ƙari. Ba wanda ya musa. Tsohon ɗan Fotugal ma cewa ya yi, me ya hana ta magana tun farko? Na rasa yadda zan fassara masa kara. An ƙara ruwan, amma ramar ba ta ko yi fure ba.

Har yau ban tabbata dokar ce ta yi kuskure ba. Wataƙila ƙofar da aka buɗe wa kowa ba kowa ne al'adarsa ta bar shi ya shige ta ba. Wataƙila kuma ina neman hujja ne kawai.

Da sanyi ya shigo Inna ta mayar da fegin, ta koma wurin 'yarta a Saint-Denis. Na kai mata ziyara, ta kwaɗa mini busasshiyar rama da ta saya wurin 'yan kasuwa. Na ce ta yi daɗi.

"Ci dai," ta ce. "Ba irin tamu ba ce."