Kabewa Mai Haƙora

Shekara biyu na yi ina koyar da aji ɗaya a wata makarantar kuɗi a Kafanchan, bayan gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, a farkon shekarun casa'in. Mai makarantar matar wani likita ce. Ta bi mijinta Amurka ta yi shekara huɗu, ta dawo tana magana ta hanci, tana kallon duk wanda bai taɓa hawa jirgin sama ba kamar baƙauye. Madam muke ce mata. Rafi ɗaya ne ya raba ƙauyensu da namu. Na san uwarta, na san rumbun gidansu, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa gaishe ni da yarenmu ba. Hausa ma ta hana a makarantar.

Ba na sonta, ita ma ba ta sona. A satina na farko ta shigo ajina ta iske ina lallashin wata yarinya da Hausa, don ta yi fitsari a wando tana kuka. A gaban yara ta ce da ni nan ba kasuwa ba ce. Sannan ta ɗauki wata kalmar Turanci da na faɗa, ta sa na maimaita sau uku har yaran suka yi dariya. Tun ranar nake riƙe da ita.

A watan Oktoba na shekarata ta biyu, ruwan sama ya fara ja da baya, masu citta suna shirin haƙa, sai ta tara mu a ofishinta. Ta buɗe wata mujalla a kan tebur. A ciki akwai hoton 'ya'yan Turawa sanye da baƙaƙen kaya da dogayen huluna, ga wata ƙatuwar kabewa an fafe ta, an yi mata idanu da haƙora, wuta na ci a cikinta.

Da Turanci ta yi bayani. Ta ce sunan bikin Halowin, ƙarshen wata ake yi, kuma bana makarantarmu ce za ta fara yin sa a duk garin. Yara za su yi shigar mayu da fatalwa da ƙwarangwal, a yi wasa, a raba alewa.

Malamar aji biyu tana zaune kusa da ni. Anti muke kiranta, yara da manya. 'Yar Ibo ce, amma a gidajen layin dogo aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ita ce ƙawata a makarantar, a kwano ɗaya muke cin abincin rana. Ta ɗan mintsine ni, sannan ta ɗaga hannu.

"Madam, mayu kika ce?"

"Wasa ne kawai," in ji Madam. "Ku dai kullum tsoro." Ta juyo gare ni. "A ajinki za a yi. Naki ne ƙanana, kuma kin iya zane."

Na ce, "Madam, iyaye ba za su so ba."

"Ban tambaye ki ba."

Ta fi kowa sanin abin da nake nufi. A wajenmu ba a wasa da kalmar maye. Idan aka kira tsohuwa da ita, sai ta bar ƙauye. Dodo kuwa, kakana yana cikin manyan masu ɗakin dodo a ƙauyenmu, waɗanda idan muryar abin ta tashi mata suke gudu su kulle ƙofa. Babana ya bar wannan yana saurayi ya bi 'yan mishan, 'yan'uwansa suka yi masa dukan da har ya tsufa yana ɗingishi. Ya zama mai bishara, daga baya dattijon ikilisiya. A gidanmu ko tatsuniya mai dodo ba a yi.

Duk da haka na hau aiki, don aikin ne abincina. Na rubuta abin da ake bukata: kwali, baƙar takarda, fenti, zare, kyandir, tsintsiya, kabewa goma. Ranar kasuwa na je na sami wata mata daga wajen Kagoro da tulin kabewa a gabanta.

"Malama, buki za ki yi ne?" in ji ta, da ta ga ina ware goma.

Na ce, "Ido da baki zan yi musu."

Ta yi dariya, ta zaci raha nake.

Kabewarmu ba irin ta mujallar ba ce. Koriya ce mai dabbare-dabbare, bayanta kamar katako. Kwana uku ni da Anti muna tsayawa bayan an tashi, muna fama da wuƙar kicin. Na yanke babban yatsana har jini ya zuba a kan ɗaya. Na tara cikin kabewar a roba don mu raba mu yi miyar taushe. Madam ta leƙo ta ce a zubar, wai yana kawo ƙuda. Ta kuma ce launin bai yi ba, a shafe su da fenti ruwan lemo. Ina shafa wa abinci fenti ina zaginta a zuciya, ita da mujallarta da Amurkarta.

Abin da ya ƙara ba ni haushi, yaran sun so abin. Muna yanka jemagu da baƙar takarda muna ratayewa da zare, suna ihu suna tsalle. Kowa ya yi fuskar kwali da haƙora. Akwai wata 'yar shekara shida, 'yar wani tela daga cikin gari, wadda ba ta cika magana ba. Ta tsaya gaban kabewar da na jera a taga, ta sa yatsa cikin idon ɗaya, ta yi mini raɗa da Hausa:

"Malama, ya ji zafi?"

Na ce bai ji ba, ta koma ta zauna.

Saura kwana huɗu, Madam ta kira ni ta miƙo mini takardar sanar da iyaye. Turancinta mai laushi ne: ranar nishaɗi ta lokacin kaka, yara su zo da kayan wasa na ban dariya. Ba maye, ba fatalwa. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in sa Hausa a ƙasa saboda waɗanda ba su yi boko ba.

Na koma aji na zauna da biro a hannu. Na san yadda zan rubuta abin ya wuce lami lafiya. Wasan yara na kaka, shi ke nan. Amma ga abin da na rubuta: "Ana sanar da iyaye cewa ranar Juma'a za a yi bikin dodanni da mayu da fatalwa a aji ɗaya. Kowane yaro zai sa fuskar dodo. Za a kunna wuta a cikin kawuna goma."

Anti ta karanta a bayana. "Kin san abin da kike yi kuwa?"

Na ce, "Fassara nake. Nuna mini ƙarya ɗaya a ciki."

Madam ta sa hannu ba ta ko kalli ƙasan takardar ba. Aka buga, aka sa wa kowane yaro a jaka.

Washegari da safe, ban gama kiran suna ba na ji hayaniya a bakin ƙofar makaranta. Tun rikicin da aka yi a garin 'yan shekaru kafin nan, mutanen cikin gari da mutanenmu ba su cika tsayawa wuri ɗaya ba. Ranar kuwa tare suka shigo. Matar wani fasto tana gaba da zanen ƙungiyar zumuntar matan coci, ga wani makanikin jirgin ƙasa da kayan aikinsa, ga telan nan, ga wani ɗan kasuwar citta mutumin Kachia, ga wasu da yawa a baya. Suka ture maigadi suka cika ajina. Kawuna goma suna jere a taga suna washe haƙora, jemagu suna lilo a bisa kan 'ya'yansu.

"Jinin Yesu!" in ji matar faston.

Telan ya ce, "A'uzu billahi."

Gaskiya a wannan lokacin daɗi na ji. Na harɗe hannu ina jiran Madam ta zo ta yi musu magana ta hanci.

Ta zo. Ta dubi mutane, ta dubi takardar da ke hannun matar faston, ta karanta ƙasanta a tsaye. Sai ta durƙusa har ƙasa. Da Hausa ta yi magana, Hausa mai kyau, mai taushi, wadda ban taɓa ji a bakinta ba.

"Iyayena, ku yi mini haƙuri. Ni wasan kaka na ce a yi wa yara, ga Turancina nan ku karanta. Wannan na ƙasa ba hannuna ba ne. Na yarda da malama, na bar mata aji. Laifina ke nan." Ta juyo ta dube ni. "Na manta gidan da ta fito. Ku tambayi mutanen wajenmu wane ne kakanta."

Duk idanu suka dawo kaina. Na ce ƙarya take, na ce a je ofishinta a ɗauko mujallar. Ba wanda ya saurare ni. Na nemi Anti, na gan ta tsaye a bakin ƙofa. Tana wurin ranar da aka ce mayu, ita ce ma ta tambaya. Na ce, "Anti, faɗa musu." Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Matar faston ta matso har ina jin numfashinta. "Babanki yana wa'azi, ke kina nan kina koya wa yaranmu dodo. Ashe ba ku bar abin ba." Ta tofa yawu kusa da ƙafata.

Makanikin ya zaro ƙatuwar sufana ya bi kabewar ɗaya bayan ɗaya yana farfasawa. Wasu suka tsittsinke jemagun. Yara suka fashe da kuka, ba don tsoron dodo ba, don abin da suka yi da hannunsu ake yayyagawa. Telan ya fizgi 'yarsa ta hannu, ya ƙwace fuskar kwalinta ya tattaka. Tana waiwayena har suka fita.

Kafin azahar aka ba ni takardar sallama.

Labari ya riga ni isa gida. Baba yana zaune a ƙarƙashin mangwaro, ƙafarsa mai ciwo a miƙe, takardar sanarwar nan a cinyarsa.

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce, Baba. Amma Madam ce ta kawo abin. Na rubuta ne don iyaye su sani."

"Da don iyaye ne, da tun ranar farko kin zo kin gaya mini, mu je mu same ta. Kin yi kwana uku kina fafe kabewa. Kin so ki kayar da ita ne." Ya ninke takardar. "Shekara arba'in ina wanke sunan gidan nan."

Dattawan ikilisiya suka zauna a kaina. Baba yana cikinsu. Aka sa ni horo wata uku: bencin baya, ba cin jibin Ubangiji da sauran masu bi, ba waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Mata suna janye 'ya'yansu idan na wuce. Madam kuwa, yara kaɗan aka cire daga makarantarta, kafin Kirsimeti yawancinsu sun koma. Ran godiyar kaka a coci tana bencin gaba da ƙaton ɗankwali, ita aka kira ta yi addu'a a kan baiko, wato kyautar da jama'a suka kawo.

A watan Janairu wani ɗan'uwan mamata ya samo mini koyarwa a wata firamaren gwamnati a wajen Kagarko. Ina zaune cikin mota a tasha ana jiran ta cika, sai ga Anti da burodi a leda. Ta tsaya a gefen taga.

"'Yar'uwa, yara uku gare ni. Kin san mijina ba ya aiki."

Na ce, "Na sani."

Ta miƙo ledar. Na karɓa na ba matar da ke kusa da ni, a gabanta. Anti ta tsaya nan har direba ya tayar da mota, ban sake duban tagar ba. Ta rubuto mini wasiƙa sau biyu a wannan shekarar. Na karanta su, ban ba da amsa ba.